Shirun Unguwar Shiomi

Hakodate, 18 ga Mayu

Zuwa ga ƙanwata Tsuneko,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa. Nan arewa sai yanzu sanyi ya sake mu, na cire bargo ɗaya na bar biyu. Ina fata gwiwar nan taki ta yi sauƙi, kina hawa matakalar kasuwar kifi ba tare da kin zagi wanda ya gina ta ba. Ni kam kin san kunne ya daɗe da tafiya, shi ya sa ba na ɗaga waya. Yanzu kuma ido ya ce zai bi sahu. Likita ya ce yanar ido ce, za a cire ta farkon Agusta.

Alfarma nake nema, kuma ki karanta har ƙarshe kafin ki yaga takardar.

Noboru zai yi aure. Eh, Noboru ɗan wan marigayiya Sumi, wanda kika ce kada in ƙara rubuta miki sunansa. Ya kusa hamsin, sai yanzu ya sami wadda ta yarda da shi. Sunanta Shizue, malamar makaranta ce mai hankali. Mahaifinta, dattijo Hoshikawa, sana'arsa gyaran akwatunan kakanni, waɗanda ake ajiye sunayen mamata a cikin gida. Mutum ne mai tsauri, bai gama ba da 'yar ba tukuna, yana dai kallon Noboru.

Dattijon bai taɓa ganin tekun kudu ba, shi ne Noboru zai kai su tsakiyar Agusta, lokacin hutunsa. Kin san mu nan a Yuli muke yin Obon ɗinmu, bikin da mamata ke kawo ziyara gida, ba a Agusta kamar ku ba, saboda haka sun sallami nasu mamatan kafin nan. Ba ya son otal. Ya ce unguwa yake so inda mutane ke zaune, a bakin ruwa, mai shiru, ya kwanta ya ji igiyar ruwa kawai. Noboru ya tambaye ni, ni kuwa rabona da gaɓar nan taku shekara arba'in. Ya ce ko'ina ya yi, ban da unguwarku Shiomi. Ban gaya masa ke zan tambaya ba.

Ga abin da ya sa na yi ƙarfin hali. Ranar da suka gayyace ni cin abinci, dattijon ya tambaye shi danginsa. Noboru ya sunkuyar da kai ya ce, "Gwaggona ce ta raine ni, ni kuma na riƙe ta har ta cika." Tsinken cin abinci ya faɗi daga hannuna, amma na tsince shi na ci gaba da ci. Na ɗauka kunya ce ta sa shi, kuma mai jin kunya bai gama lalacewa ba. Ki taimaka ki zaɓar musu wuri. Kakanninmu ciki ɗaya suka fito, mu ma saura ƙiris mu ƙare.

Yayarki,
Fumie


Shiomi, 2 ga Yuni

Yaya Fumie,

Na sami takardarki. Gwiwa tana nan yadda kika san ta, damina ta shigo, komai na gidan nan ya yi fumfuna har ni. Ina yi miki fatan a yi aikin ido lafiya.

Ban yaga ba. Na karanta sau uku, kowane karatu jinina na ƙara hawa. "Na riƙe ta har ta cika." Yaya, kina zaune ya faɗi wannan, kika ɗauki tsinkenki kika ci gaba da cin kifi?

Tunda ke nisa ya sa kin manta, bari in tuna miki, ni da gida biyu ne kawai tsakanina da Sumi. Yana ɗan shekara shida uwarsa ta mutu, ubansa ya kawo shi ya dire wa ƙanwarsa ya koma arewa neman aiki. Sumi ta sallami mai jirgin da ke neman aurenta saboda yaron nan. Na ga ta goya shi zuwa asibiti cikin ruwan sama, ƙafarta ba takalmi. Da ubansa ya mutu gidan ya faɗo hannunsa, don sunan babban ɗa ne a kai. Ko shekara ba a yi ba ya sayar wa kamfanin da ke ba matafiya haya. Bai ma zo ba. Wani mai ɗamarar wuya ya turo, ya durƙusa ya yi ta ba da haƙuri yana duba agogo.

Aka kai tsohuwa gidan tsofaffi a bayan duwatsu, inda ko ƙanshin gishiri ba ya kaiwa. Mota biyu nake hawa in je in gan ta. Ba ta taɓa tambayata Noboru ba, wannan ne ya fi ƙona min rai. Abin da take tambaya kullum shi ne, "Tsune, ruwa ya cika ne ko ya janye?" A Oktoba ta rasu. Ya aiko furanni, sunansa a jiki ya fi furannin girma. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta, shi ke nan.

Bana ne Obon ɗinta na fari. Sabon mamaci bai san hanya ba, sai an rataya masa farar fitila a ƙofar gidansa, an kunna masa karan rama, sannan ya gane inda zai shiga. A wace ƙofa zan rataya wa Sumi? A tawa? Ba za ta shigo ba, kin san ta, ko shayi ba ta sha a gidan wani. Gidanta za ta nufa, ta tarar da baƙi suna shanya kayan wanka a kan shingenta.

Unguwa mai shiru yake nema? Na san guda ɗaya. Ki turo min shi gidan Sumi, ni zan kama masa da hannuna.

Tsuneko


Hakodate, 14 ga Yuni

Tsuneko ƙanwata,

Gaisuwa da fatan fumfunar ta bar ki. Ni idon hagu ya koma kamar ina leƙe ta gilashin wanka.

Ban musa ko kalma ɗaya ba. Abin da ya yi wa Sumi ba shi da suna. Amma Shizue me ta yi miki? Dattijon fa? Kuma ki sani, Noboru nan da kike gani shi ne ke kwashe min ƙanƙara daga ƙofa duk hunturu, shi zai kai ni asibiti. Ba ina wanke shi ba ne. Ina ganin bashin Sumi yake biya a kaina don ba shi da fuskar zuwa can.

Idan za ki gina ramin mugunta, Tsune, gina shi gajere. Ki bar auren ya ɗauru. Bayan nan ni da kaina zan ja kunnensa har kabarin Sumi. In ba za ki iya zaɓar musu wani wuri ba, ki faɗa min, in ce masa ya nemi otal kawai.

Ki amsa da wuri, gidaje na cika a watan hutu.

Fumie


Shiomi, 9 ga Yuli

Yaya Fumie,

Ki yi haƙuri da jinkiri, na tsaya ne in huce. Ruwan sama ya ɗauke, zafi ya sauko, gyare sun fara kukansu. Gwiwa da sauƙi.

Kin fi ni gaskiya, yarinyar ba ta yi min komai ba. Na zaɓar musu wuri, kuma ba zaɓen wasa na yi ba.

Kusa da tashar jiragen kamun kifi bai yi ba, tun asuba injina ke tashi, ga masu gwanjon kifi da makogwaro kamar an taka kare. Bakin yashin wanka ma bai yi ba, samari ne da rediyo da wasan wuta har sai sun gaji. Kusa da tashar jirgin ƙasa kuwa mashaya ce jere. Mai neman shiru, abin da zai duba uku ne ko huɗu. Ya ga an shanya wanki a waje, alamar masu gida na ciki. Ya ga tukwanen furanni a bakin ƙofa ba wanda ya ɗaure su da sarƙa. Ya ga titin ya ƙare a ruwa, ba ya wucewa ko'ina, don motar da ba ta da aiki a wurin ba za ta shigo ba. Sai kuma tsofaffi masu shara da safe, waɗanda suka san kowa da uban kowa.

Na sami irin wannan. Gida ne na katako, ɗakin gaba yana kallon teku, ana kiransa Masaukin Farin Yashi. Na kama musu kwana biyu, daren sha uku da na sha huɗu. Su sauka a tashar Uranohama da jirgin la'asar, motar masaukin za ta ɗauke su ta sabuwar hanyar da aka huda cikin dutse. Kada su wahalar da kansu da neman taswira.

Ki ce masa wata ƙawarki ce ta samo. In ya ji sunana ba zai zo ba, dattijon kuma ya rasa ganin teku.

Ƙanwarki,
Tsuneko


Hakodate, 21 ga Yuli

Tsune,

Kin faranta min rai, har na yi hawaye da idon da ya rage. Na san zuciyarki ba ta kai bakinki zafi ba. Na ba Noboru bayanin, ya yi ta godiya, ya ce Uranohama ta yi, bai taɓa sauka can ba. Dattijo har ya sayi sabuwar hula.

Ranar bakwai ga Agusta zan kwanta asibiti. Ido biyun za a yi, ɗaya bayan ɗaya, an ce sai bayan mako biyu zan iya karatu. Duk takardar da ta zo maƙwabciyata za ta ajiye min. Ki rataya wa Sumi fitilar a ƙofarki, za ta gane, ai ba ta da wanda ya fi ki.

Fumie


Shiomi, 10 ga Agusta

Yaya Fumie,

Ina fata an yi aiki lafiya. Na san idonki a ɗaure yake, shi ya sa na zaɓi yau in rubuto. Kafin ki karanta wannan, mai faruwa ta faru.

Masaukin Farin Yashi gidan Sumi ne. Sunan da kamfanin ya laƙa masa ke nan. Sabuwar hanyar dutsen nan daga Uranohama ta bayan unguwarmu take ɓullowa, an yi ta bayan ya bar nan, ba zai gane ba sai ya ga kansa a ƙofa. Ban yi miki ƙarya a kan unguwar ba, duk abin da na lissafa akwai shi a Shiomi. Ya nemi inda tsofaffi suka san kowa da uban kowa, to ga shi.

Na bi gida-gida. Na ce musu Noboru ya yi nadama, zai zo da iyalinsa ya yi wa gwaggonsa Obon na fari a ƙofarta. Ki ga yadda suka narke! Tsoho Kuwabara, shugaban unguwa, wanda ya rantse zai karya masa ƙafa, sai ga shi yana share ido yana cewa, "Na san yaron nan zai dawo." Matarsa ta ce za ta yi masa taliyar sanyi irin wadda yake so yana ƙarami. Na bar su a haka. Da na faɗa musu gaskiya, da sun rufe ƙofa sun ƙi fitowa, ni kuwa idanu nake so. So nake kowa yana tsaye, surukinsa yana tsaye, in tambaye shi yadda ya riƙe ta.

Na sayi farar fitila mafi girma a shagon. Na ɗaure karan rama. Jiya na zaɓi kokwamba mafi tsawo a lambuna, na soka mata ƙafafu huɗu, na yi wa Sumi dokin da za ta hau. Ina so ta zo da gudu, kada ta rasa ko kalma ɗaya.

Kwana biyu na kama, ko na biyun ma ba na jin zai kai. Kada ki ce min komai a kan rami. Rama cuta ga macuci ibada ce, ni kuma wata goma ina jiran wannan rana.

Tsuneko


Shiomi, 14 ga Agusta

Yaya Fumie,

Lafiyata ƙalau, rabon da in yi barci irin na jiya tun kafin Oktoba. Bari in ba ki labari tun yana da zafi.

Rana ta kusa faɗuwa motar ta gangaro. Kowane gida an fito da kasko da karan rama, kowa cikin rigar bazara. Ina tsaye bayan shingen Sumi da fitilata. Ta gilashi na hango fuskarsa lokacin da motar ta karya kwana wajen karkatacciyar bishiyar nan da yake hawa yana yaro. Yaya, fuskar ta koma kamar tuwon shinkafa. Ya yi tumbi, kansa ya fara sanƙo.

Dattijon ne ya fara sauka da sabuwar hularsa, ya shaƙi iska ya ce, "Yauwa! Wannan ita ce unguwa. Noboru, ka iya zaɓe."

Sai ga Kuwabara da sandarsa. "Noboru! Ja'iri, kai ne ka zama haka? Me suke ba ku a arewa, kitsen kifi? Sannu da zuwa gida, ɗana."

Matarsa na biye da kwano a rufe. "Ka ci tun da sanyinta. Sumi ta ce kwano uku kake tashi da shi."

Dattijon ya juya. "Gida? Wane gida?"

Nan na fito. Na rusuna masa yadda ya kamata, na ce, "Gidan gwaggonsa ne, ranka ya daɗe. Wadda ya riƙe har ta cika. Au, bai faɗa maka ba?"

Noboru ya ce, "Gwaggo Tsuneko, don girman kakanni, mu shiga ciki."

Na ce, "Ciki? Ai haya ka kama, ɗan nan, ni ba ni da izinin shiga. Nan ma ya yi. Faɗa wa surukinka a wane ɗaki ta cika. Na gaba mai kallon ruwa, ko na baya? Wane abinci ka ba ta na ƙarshe? Ka yi magana mana, ko kifi ya maƙale maka?"

Sai ni na faɗa da kaina. Na faɗi mai ɗamarar wuya da agogonsa. Na faɗi gidan tsofaffi da mota biyu. Na faɗi furanni. Muryata har bakin ruwa, ban rage ko ƙwaya ba. Shizue ta dafe baki da hannu biyu. Matar Kuwabara ta ce, "Tsuneko, ya isa, mamata na hanya fa," na yi kamar ban ji ba.

Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya cire hularsa ya ce, "Noboru, tambaya ɗaya. Gobe da safe ka kai ni kabarinta in gaishe ta. A ina yake?"

Yaya, bai sani ba. Ya kalle ni, ni, wai in taimake shi! Na kalli teku.

Dattijon ya karɓi fitilar daga hannuna ya rataya da kansa. Ya ce, "Durƙusa ka kunna mata. Ita ba ta da laifi, kada a bar ta a titi." Noboru ya durƙusa a gaban kaskon. Ashana huɗu ya karya kafin wuta ta kama. Na ajiye dokina a gefen ƙofar, na tsaya a kansa har karan ya cinye.

Da na ɗaga kai titi ya zama wayam. Kowa ya kunna tasa wutar ya shige, ba wanda ya ce wa Noboru ko sai da safe. Kwanon taliya ma an koma da shi. Kin ga mutanen kirki, sun nuna masa matsayinsa.

Yau da sassafe na ga dattijon da 'yarsa sun nufi tashar mota da jakunkunansu, shi a gaba, ita tana bin sa tana share fuska. Noboru yana ciki shi kaɗai, ko labule bai ɗaga ba. Ya nemi shiru, ya samu.

Ban yi nadama ba, kada ki jira.

Tsuneko


Hakodate, 24 ga Agusta

Tsuneko,

An kwance min ido. Ina gani tar, har zanen tabarma. Abin da na fara karantawa da sabon idona takardunki biyu ne, na ce ina ma an bar min yanata.

Auren ya mutu, in wannan kike jiran ji. Dattijon ya aika wa Noboru da kayan baikonsa a naɗe yadda aka kawo su. Noboru ya zo gidana ranar da aka sallame ni. Bai yi faɗa ba. Ya tsaya a ƙofa da takalminsa ya ce, "Gwaggo, ke ma kin sani?" Na ce ban sani ba, ya rusuna ya tafi. Ban ga alamar ya yarda ba. Da hannuna kika yi wannan aiki, Tsune. Bana sai in nemi mai kwashe min ƙanƙara.

Amma ba wannan ya hana ni barci ba. Na koma na karanta takardunki a hankali. Kin ce kwana biyu kika kama, sha uku da sha huɗu. Kafin ya tafi, Noboru ya ce ranar sha biyar da safe motar ta zo ta fitar da shi, don wasu baƙin na tafe. Ni dai abin da uwata ta koya min, wutar tarba ranar sha uku, wutar sallama ranar sha shida, a ƙofa ɗaya. Wanda aka kira sai an raka shi.

Kin ba ni labarin doki har da tsawon kokwamba. Ban ga inda kika ambaci saniyar yalo ba, wadda mamaci ke hawa ya koma a hankali da tsarabarsa.

Kin kira Sumi gida. Wa ya sallame ta?

Fumie


Shiomi, 19 ga Satumba

Yaya Fumie,

Na ji daɗi da idonki ya buɗe. Nan zafi ya karye, an yi guguwa ɗaya ta wuce ba ta yi ɓarna ba. Gwiwa ta dawo. Na daɗe ban amsa ba don tambayarki ba ta da daɗin amsawa.

Ban yi saniyar ba. Ban ma tuna ba. Wata goma ina shirya daren sha uku, ko sau ɗaya hankalina bai ƙetara zuwa sha shida ba.

Ranar sha biyar motar da ta fitar da shi ita ta kawo ɗalibai shida da rediyo. Da yamma na wuce na ga sun sauke fitilar sun jingina ta wajen kwandon shara, wai tana buge musu kai. Dokina kuwa wani ya taka shi. Sai a nan na farga. Sumi na ciki, ita da ba ta son ko tari mai ƙarfi, da samari suna ihu a ɗakinta, kuma ni na kawo ta da gudu.

Washegari na fita neman yalo. Nawa lambun tsutsa ta cinye, shago kuma ya ƙare, kowa ya saya tun tuni. Na ce ba komai, wuta dai zan kunna. Da rana ta yi sanyi na ɗauki karan rama da ashana na tafi.

Na tarar da kasko a ƙofar, toka a ciki, da sauran ɗuminta. Fitilar ba ta nan. A kan yashi ga sawun mutane da yawa, da ramukan sandar Kuwabara, sun gangara har ruwa. Sun yi da wuri, kafin lokacin da aka saba, don kada in riske su. Unguwa duka ta raka Sumi, an wuce ta ƙofata, ba wanda ya ƙwanƙwasa.

Na je gidan Kuwabara. Bai buɗe ba, ta bayan ƙofa ya yi min magana.

Na ce, "Kuwabara, 'yar'uwata ce fa. Da wane dalili za ku sallame ta ba ni?"

Ya ce, "Mun tambayi direban masauki, ya ce ke kika kama ɗakin, kwana biyu. Wanda ya zo yi wa mamaci Obon ba ya kama kwana biyu, Tsuneko."

Na ce, "To shi fa? Shi da ya sayar da ita?"

Ya ce, "Shi ya sayar da gidanta tana raye, mun sani, ba mu yafe ba. Ke kuma kin kira ta daga lahira kin mai da ita sandar duka. Kin sa matata ta dafa taliya. Koma gida."

Maganar ƙarshe ke nan da wani ya yi min a titin nan. Yau wata guda da kwanaki.

Ba wanda ya zage ni. In na fito shara, sai su gama tasu su shige. In na gaida matar Kuwabara, sai ta rusuna kamar yadda ake wa baƙo, ta ci gaba da ba furanni ruwa. Allon sanarwar unguwa da ake miƙawa gida-gida, yanzu daga hannun dama yake tsallake ni ya faɗa hagu. Na ɗauka ranar nan Noboru suka shige suka bari. Ashe mu biyu ne a tsaye.

Kada ki ɗauka na sauko. Da zan sake ganinsa a durƙushe yana karya ashana, da na sake kallo. Abin da ya tsaya min a wuya ɗaya ne: ban san ko Sumi ta waiwaya ta neme ni a cikin masu rakiya ba.

Ki ci gaba da rubuto min, Yaya, ko da zagi ne. Mai kawo wasiƙa shi kaɗai ke cewa sannu a ƙofata yanzu. Da dare ba na jin komai sai igiyar ruwa, yadda dattijon ya so.

Unguwa ce mai shiru. Ni na zaɓe ta.

Ƙanwarki,
Tsuneko